Ƙarar Kunne da Maganin Chaina: Tsokaci Daga Gwandu da Kalgo

A cikin larurorin da ke addabar jama'armu akwai wadda ba kasafai ake kai mai ita asibiti ba, domin ba ta kwantar da mutum, kuma babu wanda ke ganin alamarta a jikinsa. Wannan larura ita ce ƙarar kunne, wato mutum ya riƙa jin wani sauti a cikin kunnensa ko a tsakiyar kansa alhali babu abin da ke ƙara a kusa da shi. Abin da ya sa na ga ya dace in yi tsokaci a kanta shi ne yadda a 'yan shekarun nan, duk lokacin da na bi ta Kalgo ko na je gida Gwandu, nake tarar da ita cikin jerin cututtukan da masu tallar abin da jama'a ke kira maganin Chaina suke alkawarin warkarwa. Ni ba likita ba ne, fannina nazarin harshe ne. Sai dai kamar yadda mai karatu zai gani, wani babban ɓangare na wannan ciniki a kan kalmomi aka gina shi, don haka ina ganin akwai abin da zan iya tofawa.

Bahaushe ba shi da suna guda tsayayye na wannan larura. Wani zai ce kunnensa na kuka, wani ya ce yana ƙugi, wani kuma ya ce iska ce ke busa masa a ka. Idan aka matsa wa mai fama da ita ya yi bayani, sai ya koma ga kwaikwayon sautin, ya ce yana jin "wiii" ko "shuuu", ko ya ce kamar kukan gyare da daddare. Idan ƙarar ta 'yan daƙiƙoƙi ce, camfi ya riga ya tanadar mata fassara, a ce wani ne ke ambaton mutum a wani wuri. Wadda nake magana a kai ita ce mai zama wata da watanni, wadda kan tsananta idan dare ya yi tsit. Wani nazari da aka buga a 2022, wanda ya tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 14 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna fama da ita, wato mutum wajen miliyan 740, kuma a cikinsu akwai fiye da miliyan 120 da ta tsananta wa har tana dagula masu rayuwa.

Likitocin kunne sun bayyana cewa a can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa da ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000. Su ne ke mayar da motsin sauti ya zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa, kuma idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Yayin da saƙon ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara ƙaimi wajen saurare, har ta soma jin abin da babu shi. Duk wanda ya taɓa ƙure muryar rediyo bayan tasha ta rufe ya san irin shuuu ɗin da ke fitowa. Wannan ne ya sa mafi yawan masu ƙarar kunne, idan aka auna jinsu, sai a tarar ya ragu ko da su ba su lura ba. Ke nan ƙarar alama ce ta wani abu da ya sami kunne, kuma neman sanin wannan abin shi ne matakin farko na magani.

Abubuwan da ke kashe waɗannan ƙwayoyin halitta suna nan birjik a garuruwanmu. Na farko shi ne hayaniya. Masana sun sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa 8 a yini, kuma idan ƙara ta kai desibel 100, minti 15 ya isa ta soma ɓarna. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce, duk inda sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye gabanka ya ji ka, to wurin ya kai iyaka ko ya wuce. A auna wannan da rumfar mai injin niƙa, da injinan casar shinkafa da suka yawaita a Jihar Kebbi tun bayan da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, da shagon mai walda, da janareton da ke kwana a bakin taga, da lasifikar gidan biki. Na biyu shi ne magunguna. Kwinin ya shahara da sa kunne kuka, haka ma asfirin idan aka sha da yawa, sannan allurar jentamaisin da ake yi barkatai a wasu kemis-kemis tana iya kurmantar da mutum har abada. Na uku shi ne cututtuka, musamman sanƙarau, wanda kan bar wasu daga cikin waɗanda suka tsira da raunin ji. Ba mu manta ba cewa a watan Maris na 2025 gwamnatin jihar ta sanar da rasuwar mutum 26 a ɓarkewar da ake zargin ta sanƙarau ce, kuma Ƙaramar Hukumar Gwandu ce ta fi yawan mamatan. Sai kuma tsufa, da hawan jini, da dauɗar kunne idan ta toshe hanya.

To, me Sinawa suka ce game da wannan larura? Adalci ne a faɗi cewa sun daɗe da saninta. A harshensu suna kiranta "er ming", ma'ana kukan kunne, daidai da yadda muke faɗa. Tsohon littafin likitancinsu mai suna Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ya danganta lafiyar kunne da wata gaɓa da suke kira "shen". Likitocinsu na baya sun kasa ƙarar kunne gida biyu. Akwai ta yawa, wadda ke zuwa farat ɗaya da ƙarfi kamar ƙugin igiyar ruwa, suka ce wutar hanta ce ke tasowa sama saboda fushi da ɓacin rai, ko kuwa kaki ne ya taru ya haɗu da zafi. Akwai kuma ta rashi, wadda ke shigowa sannu a hankali da siririyar murya, ta fi damun tsofaffi da waɗanda aiki ya gajiyar, suka ce wannan ƙarfin "shen" ne ya ƙare.

Kowane kashi da maganinsa. Ga ta wutar hanta sukan ba da wani haɗi mai suna Longdan Xiegan, ga ta rashi kuma sukan ba da Erlong Zuoci, wanda ya ƙunshi saiwoyi da garin dutsen maganaɗisu. Bayan haka akwai tsira siraran allurai a wasu wurare na jiki, uku daga cikinsu suna jere a gaban kunne, kuma sunayensu abin sha'awa ne ga mai nazarin harshe: Ermen, ƙofar kunne; Tinggong, fadar ji; Tinghui, mahaɗar ji. Wanda ya tashi ya ga wanzami yana yin ƙaho ba zai ga baƙon abu a nan ba, kamar yadda rabon cuta zuwa ta zafi da ta sanyi ba zai zama sabo ga Bahaushe ba. Ina jin wannan kamanni yana cikin dalilan da suka sa maganin Chaina ya sami karɓuwa a wurinmu cikin sauri. Haka nan akwai abin yabo a tsarin nasu, domin likitan gargajiya na ƙwarai a can yakan zauna ya tambayi majinyaci barcinsa da abincinsa da halin zuciyarsa, kuma lurar da suka yi cewa fushi da gajiya da rashin barci suna tsananta ƙarar, binciken zamani ya gaskata ta.

Matsalar tana farawa ne daga fassara. Kalmar "shen" an mayar da ita Ingilishi da sunan gaɓar nan mai tace fitsari, daga nan kuma mai talla ya mayar da ita Hausa ya ce ƙoda. Alhali a tsohon tsarin Sinawa, "shen" suna ne na tarin ayyuka da suka haɗa da haihuwa, da girma, da ƙarfin ƙashi, da ji, da tsufa. Abin ya yi kama da yadda Bahaushe zai ce yana da sanyi, ba yana nufin jikinsa ya yi ɗari ba, ko ya ce zuciyarsa ta ɓaci, ba yana nufin tsokar da ke harba jini ta lalace ba. A ɗauka wani baƙo ya ji an ce zuciyar wane ta ɓaci, ya ruga ya kira likitan tiyata. Irin wannan ne ke faruwa idan aka gaya wa manomi a Kalgo cewa kukan kunnensa daga ƙoda yake. Shi ƙodar da ya sani ita ce wadda idan ta lalace ake kai mutum wankin jini a Sakkwato, har a sayar da gona. Tsoro ya riga ya shige shi, kuma mai tsoro ba ya neman ragi. Fassarar da ta bi ta harsuna uku ta mayar da wani tsohon ra'ayi na falsafa ya zama sakamakon gwaji, ba tare da an ɗebi jini ko fitsari ba.

Na ga irin haka ga wani ɗan'uwanmu a Gwandu, magidanci da ya shafe fiye da shekara 20 yana aikin injin niƙa. Kunnensa ya soma kuka, aka kai shi wurin wasu masu sayar da waɗannan magunguna, suka ba shi wani ƙarfe ya riƙe a hannu wanda aka jona da kwamfuta, cikin minti biyu takarda ta fito da Turanci, aka fassara masa cewa ƙodarsa da hantarsa sun yi rauni. Ya sayi kwalabe na kuɗin da ya kai na buhun shinkafa biyu, ya sha wata uku, kullum kuma yana komawa bakin injinsa tun safe har la'asar. Da na tambaye shi ko akwai sauƙi, sai ya ce, "Malam, kwana goman farko kamar ya lafa, yanzu kuwa sai abin da ya ci gaba." Daga baya da aka kai shi asibiti aka gwada, ƙodarsa lafiya lau, jinsa ne ya ragu a kunnuwan biyu. A duk tsawon watannin nan babu wanda ya tambaye shi sana'arsa.

Mai karatu na iya cewa labarin mutum guda ba hujja ba ne, kuma gaskiyarsa. Sai mu duba abin da gwaji ya nuna. Maganin da aka fi tallatawa a duniya don ƙarar kunne shi ne ganyen bishiyar ginkgo, wadda asalinta daga Sin take, ko da yake a Jamus aka soma sarrafa ganyen ya zama ƙwaya cikin shekarun 1960. A 2001 masu bincike a Birmingham ta Ingila suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan mutum 1,121, inda aka ba wasu ginkgo, wasu kuma ƙwayar da babu magani a cikinta, ba tare da kowa ya san wadda ya samu ba. Ba a ga bambanci tsakanin ɓangarorin biyu ba. A 2014 ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka ta shawarci mambobinta da kada su ba da ginkgo don wannan larura, game da tsira allurai kuwa ta ce hujjar da ke akwai ba ta kai a yanke hukunci ba. Gwaje-gwajen allurai da aka yi a cikin Sin sukan ba da labari mai daɗi, to amma tun 1998 wani nazari ya lura cewa kusan duk gwajin allurai da aka buga daga can nasara yake bayyanawa, abin da ke sa masana ɗari-ɗari. Sauƙin kwana goman da ɗan'uwanmu ya ji kuwa sananne ne: ƙarar kunne takan hau ta sauka da kanta, sa rai kuma yana kwantar da hankali na ɗan lokaci.

Da asarar ta tsaya ga kuɗi, da da sauƙi. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba a Brussels ta ƙasar Beljiyam, mutum fiye da 100, galibinsu mata, sun sami mummunan ciwon ƙoda bayan shan wani haɗi mai saiwar Sin, da yawansu sai da aka koma yi masu wankin jini ko dashe, wasu kuma daga baya suka kamu da ciwon daji na hanyar fitsari. Da aka bi diddigi, sai aka gano ruɗanin suna ne. Akwai tsirrai biyu da Sinawa ke kira "fang ji", aka kawo mai dafin a maimakon wanda aka nufa. Irin wannan dafi ne aka samu a wani itace da ake sa wa cikin haɗin Longdan Xiegan da na ambata a sama, har hukumomin Sin suka haramta amfani da itacen a 2003 aka musanya shi da wani. A duba wannan al'amari: mutum ya je neman maganin ƙodar da aka ce ta yi rauni, ya dawo da ciwon ƙoda na gaske, garin neman gira an rasa ido. Kada kuma mu ɗauka abin na Sinawa ne kaɗai, domin tsiron da muke kira duman dutse ɗan wannan dangi ne, kuma yana cikin kayan masu maganin gargajiyarmu.

Masu talla sukan kare kansu da abu biyu. Na farko lambar NAFDAC. Ya kamata jama'a su sani cewa lambar da hukumar ke fara bai wa magungunan itatuwa, mai ƙarewa da harafin L, shaida ce ta cewa an duba ba a ga cutarwa ba a gwajin da aka yi, ba ta nufin an tabbatar maganin yana warkarwa. Shi ya sa ake wajabta rubuta wa a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba, sai dai da Turanci ake rubutawa, da ƙananan baƙaƙe, ga mai sayen da ajami ya iya karantawa. Na biyu sukan ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da maganin Sin. Abin da ya faru shi ne a 2019 hukumar ta sa wani babi na sunayen cututtuka bisa tsarin gargajiya a kundinta na rarraba cututtuka, don a iya ƙirga masu zuwa wurin irin waɗannan likitoci, kuma ita da kanta ta bayyana cewa hakan ba tabbatar da ingancin wani magani ba ne.

Ba ina cewa babu alheri a ilmin Sinawa ba. Hasali ma, babu wata ƙasa da ta yi wa kunnuwanmu hidima ta fuskar magani kamar Sin, sai dai ta wata hanya dabam. A 1967 gwamnatinsu ta kafa shirin neman maganin zazzaɓin cizon sauro, wata masaniya mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka bi dubban tsofaffin haɗe-haɗe, suka watsar da kusan dukkansu saboda sun faɗi a gwaji, har suka dace da wani tsiro da wani likita mai suna Ge Hong ya ambata tun ƙarni na 4. Daga nan aka sami atimisinin, wanda ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Wani gwaji a kan yara fiye da 5,000 a ƙasashen Afirka 9, ciki har da Nijeriya, da aka buga a 2010, ya nuna allurar da aka samo daga gare shi ta fi kwinin ceton rai, kuma tun daga nan kwinin mai sa kunne kuka ya ja baya a asibitocinmu. Abin da ya ɗaga wannan magani shi ne an gwada shi ya ci, tsufan littafin da ya ambace shi bai isa hujja ba. Mu mutanen Gwandu bai kamata wannan ya zame mana baƙon darasi ba, tunda muna kwance kusa da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya wallafa manyan littattafai a kan nahawu da sarfu don ya san cewa wanda bai daidaita ma'anar kalma ba zai karkace a hukunci.

Ga wanda ke fama da wannan larura, shawarata ita ce ya fara da zuwa a leƙa kunnen, a auna jinsa, a auna hawan jininsa, ya kuma gaya wa likita sana'arsa da duk maganin da yake sha, har da na itatuwa. Akwai alamomin da ba a jinkiri da su: ji ya ɗauke farat ɗaya, domin maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko, ƙarar ta kasance a kunne guda kawai, ta riƙa bugawa daidai da bugun zuciya, ko ta zo da jiri mai tsanani. Akwai sashen kunne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999. A daina ɗiga mai ko ruwan ganye a kunnen da ba a san halin dodonsa ba, a daina sakace da tsinken ashana. Gaskiya ce mai ɗaci cewa har yau babu ƙwayar da aka tabbatar tana kashe ƙarar kunne mai daɗewa, ko a Sin ko a Turai. Amma akwai abubuwan da aka gwada suka taimaka: na'urar ƙara ji ga wanda jinsa ya ragu, barin wani sauti mai taushi kamar na fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa lokacin kwanciya, da zama da masanin halayyar ɗan'adam wanda zai koya wa mutum yadda zai raba ƙarar da fargaba. Da yawan mutane, da zarar sun tabbata cewa ba hauka ba ce kuma ba ajali ba ne, sai ƙwaƙwalwarsu ta saba har su riƙa mantawa da ita.

Sauran aikin na hukuma ne da namu 'yan boko. Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi da ta tanadi na'urar auna ji da ma'aikacin da ya iya ta a asibitin Kalgo da na Gwandu, ta kuma mayar da shi ƙa'ida cewa duk wanda ya tashi daga sanƙarau a auna jinsa kafin a sallame shi, musamman yara 'yan makaranta. Ƙungiyoyin masu injin niƙa da na casar shinkafa su wajabta wa yaransu toshe kunne da 'yar robar da aka yi don haka, wadda kuɗinta bai kai na kwalba guda ta maganin da ake tallatawa ba. Gidajen rediyonmu su nemi takardar izinin talla daga NAFDAC kafin su karɓi kuɗin duk mai cewa yana warkar da cuta goma da kwalba ɗaya. Mu kuma malaman harshe, musamman da yake ga jami'ar tarayya nan a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ya kamata mu zauna da likitoci mu daidaita kalmomin lafiya da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci, mu kuma matsa a riƙa rubuta gargaɗin jikin kwalba da harshen mai saye, da boko da ajami. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, to amma sai an gaya wa kunnen magana da harshen da yake fahimta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu dace.